Abin da Na Yanke daga Muryar Baba Salifu

Hadiza, 'yata, ina rubuta wannan kina goye a bayana, wata bakwai gare ki, ba ki san komai ba sai nono da barci. Amma a Jugu za ki girma, kuma a Jugu ba a mantuwa. Wata rana, a gidan biki ko a bakin famfo, wata za ta ce miki uwarki ce ta sa aka kama Baba Salifu. Ba ƙarya za ta yi ba, rabi dai za ta faɗa. Shi ya sa nake so ki ji daga gare ni, ke da duk wanda Allah ya kawo bayanki. Damina biyu ke nan da abin ya faru, amma har yau in mota ta tsaya a ƙofar gida ba a kashe injin ba, sai in tashi in leƙa in ga ko su wane ne.

Gidan kakanki gidan goro ne. Iyayensa da ayari suka zo garin nan, suka sauke kaya, ba su sake ɗauka ba. A gidan nan ba a faɗin magana tsirara. In mutum ya kawo wa Baba huhun goron da ya lalace, ba zai ce masa ya lalace ba. Zai tambaye shi hanya, da iyali, da ruwan bana, da ƙafar mahaifiyarsa, sai can ya juya goro ɗaya a tafin hannu ya ce, wannan ya sha tafiya. Mutumin ya gane, ya ɗauki kayansa da mutuncinsa ya fita. Inna ma haka take. In na cika gishiri a miya, sai ta ɗanɗana ta dubi bango ta ce, ashe yau gishiri ya yi araha. Ni kuwa da na shiga lakwal, wato makarantar boko, aka koya mini a tambaye ni in amsa a layi ɗaya in zauna, sai wannan zagaye-zagaye ya riƙa cin raina. Na taɓa ce wa Baba, me ya sa ba za ka gaya wa mutum kawai ba? Yana jera goro cikin ganye a lokacin, bai ko ɗago ba.

"Rakiya, ɗauki ɗaya ki ajiye a rana ba ganye, gobe ki zo ki gaya mini."

Ban ɗauka ba. Na ɗauka dai maganar tsofaffi ce.

Da na gama sakandare aka samo mini aiki a Paraku, a gidan rediyo, na sauka wurin Gwaggo Asabe, ƙanwar Baba, mai sayar da atamfa a kasuwar Arzeke. Zamanin juyin juya hali ne, kowa kamarad ne, har mai shara da mai ba shi umarni. Aikina a filin masu saurare yake. A ƙauyuka akwai ƙungiyoyin da ke taruwa gindin bishiya su ji shirin noma a rediyo ɗaya, in an gama sai malamin gona ya kunna na'ura, kowa ya faɗi abin da ya gani game da shirin da kuma abin da ke damun garinsu. A naɗo muryoyin a bandi, wato siririn zaren nan ruwan ƙasa da ake naɗewa a faifai, a ba direba ya kawo mana. Ni ke saurare, in gyara, a watsa ranar Alhamis bayan la'asar da Dendanci, harshen da kowa ke ji daga Jugu har Paraku.

Shugabana Mushe Biyo ne, wato Malam Biyo a Faransance, Babarbare mai gajeren wuya da dogon haƙuri. Ranar farko ya zaunar da ni gaban na'ura, ya ba ni reza da farin fensir da sikoc na manne zare.

"Madmazel, mai sauraronki ba ya iya ce miki ki maimaita. Tana daka, yana ɗaure akuya, batirinsu ya kusa mutuwa. In mutum ya yi minti goma, nemo mini minti ɗayan da ya zo faɗa. Abu ɗaya, sunan gari, da abin da yake so a yi. Sauran duka kwandon shara."

Haka na koya. In juya faifan da hannu har in ji inda kalma ta ƙare, in sa alama da fensir, in yanke da reza a karkace, in haɗa baki da baki in manne. Gaisuwa, tari, kukan jaki, wallahi tallahi, kamar yadda na ce ɗazu, duk su faɗi ƙasa. Ba mu da bandin da za mu yi kwafi, don haka ainihin wanda aka aiko shi nake yankawa. Ni kuma 'yar gidan fatake ce, ba na iya zubar da abu. Gutsattsarin sai in tara a wani gwangwanin madara ƙarƙashin tebur, wai ko za su yi amfani wata rana. Kuma ki sani, abin da Mushe Biyo ya koya mini gaskiya ne, har gobe ban ƙaryata shi ba. Matan Pelebina sun taɓa aiko maganar famfonsu, mace bakwai suna magana a lokaci guda, ba ka jin komai sai hayaniya. Na tsamo muryar ɗaya, jimla uku, aka watsa. Kafin wata ya mutu an gyara famfon. Suka aiko mini da doya har ofis. Daga ranar na fara jin cewa rezar nan a hannuna alheri ce, kuma na fi kowa sanin abin da mutane ke nufi.

Da farkon damina bandi ya zo daga Partago. Ina kunnawa na gane muryar, har na yi dariya ni kaɗai. Baba Salifu ne, dillalin shanu, aminin Baba tun suna samari, wanda ya yi mini huɗuba ranar da aka haife ni. Duk wanda ya taɓa cinikin saniya daga Partago zuwa Pelebina ya san wannan murya mai kauri da ke jan ƙarshen kalma. Minti goma sha ɗaya ya yi, na duba agogo. Ya gai da mutanen rediyo da iyalansu, ya gai da malamin gona da mai garinsu, ya gode wa Allah da ruwan da ya sauka, ya gai da hukuma tun daga sama har ƙasa. Sa'an nan ya shiga yabon gonar jama'a, wadda aka sa kowane gari ya noma tare. Ya ce gona ce mai albarka, ba a taɓa ganin irinta ba, kunyoyinta a miƙe kamar an ja da igiya. Ya ce saboda tsananin son da samari ke mata, kwana uku a mako suna can tun asuba, har gonakinsu na doya sun yi kewarsu. Ya ce ruwan fari ba ya jiran kowa, amma ai doya tana da haƙuri, wataƙila ta jira. Ya ce shi tsoho ne, bai san komai ba, sai dai yana tunanin in da za a bar yara su fara da gonar gida kwanakin ruwan fari, da sun zo gonar jama'a da ƙarfi ninki biyu. Ya rufe da taken da kowa ke rufe magana da shi a lokacin, har sau biyu.

Ni da na tashi a zauren Baba, ba sai an fassara mini ba. Na san abin da ya zo faɗa, na kuma ce a raina, wa zai gane wannan yana ɗaure akuya? Na ɗauki reza. Abin da ya rage bai cika minti ɗaya ba, kuma da muryarsa ne, ban ƙara ko kalma ba: kwana uku a mako samari suna gonar jama'a tun asuba. Ruwan fari ba ya jiran kowa. A bar yara su fara da gonar gida. Na sa gabatarwa da bakina, na ce daga Partago. Mushe Biyo yana sauri ranar, ya ji da kunne ɗaya ya ce, ga aiki mai tsabta. Na ji daɗi, Hadiza. Wannan ma sai na faɗa miki.

Ranar Alhamis muna tsakar gida, Gwaggo tana tuƙa tuwo, rediyo na kan turmi. Da muryar ta fito, sai na ga muciya ta tsaya. Ta saurara har ƙarshe, ta juyo ta dube ni.

"Salifu ne wannan?"

"Shi ne, Gwaggo. Kin ji yadda ya fito sarai?"

"Salifu bai taɓa magana haka ba tun da uwarsa ta haife shi. Ina gaisuwar? Ina yabon?"

"Na cire. Ɓata lokaci ne."

"La ilaha illallahu. Ke 'yar nan, kin tuɓe wa dattijo riga a tsakiyar kasuwa, kina tambayata ko ya fito sarai?"

Na ce mata ita dai ba ta san aikin rediyo ba. Ta ce haka ne, atamfa ta sani, kuma ko atamfa ba a yanka sai mai ita na tsaye.

Ranar Asabar direban da ke kawo mana bandi ya tsaya a rumfar Gwaggo ya ce an ɗauke Baba Salifu daga kasuwar shanu, igiyar saniya na hannunsa, an kai shi Jugu an rufe. Wai ya zuga manoma su ƙi aikin jama'a, kuma a rediyo. Ranar Litinin mutum biyu suka zo ofis. Ba su da kaki, ba su faɗi sunansu ba, kuma motarsu tana waje injin na aiki har suka fita. Suka sa aka kunna musu shirin. Ɗayan ya tambayi Mushe Biyo da Faransanci ko haka tsohon ya faɗa.

"Muryarsa ce, kamarad."

"Ina asalin?"

"Shi ne wannan. Ba mu da bandin kwafi."

Duka biyun gaskiya ne. Ina zaune a kusurwa, gwangwanin madara na taɓa ɗan yatsan ƙafata, na ji kamar yana ƙara kowa na ji. Mutumin ya dube ni sau ɗaya, irin kallon da ake wa kujera, ya wuce. Da suka tafi Mushe Biyo ya rufe ƙofa, ya yi ƙasa da murya.

"Na san abin da ke ƙarƙashin teburin nan. Ki kai shi masai yau. Shi tsoho ne, za su riƙe shi kwana kaɗan su gaji. Ke ma'aikaciya ce. In suka san hannu ya taɓa maganar, ba za su ce gyara ba, za su ce zagon ƙasa. Na ji an sa miki rana, ko? To ki yi tunani."

Ban kai shi masai ba, amma ban yi komai ba. Kwana biyu, Hadiza. Litinin da Talata na je aiki na dawo, na ci abinci, na yi salla, ina ce wa kaina gobe za a sake shi. Mutane a Jugu ba su san da waɗannan kwana biyun ba, kuma su ne ainihin laifina, sun fi yankan nauyi. Ina tsoro. Na ji labarin waɗanda aka tafi da su kudu ba a sake jin ɗuriyarsu ba sai bayan shekaru. Ina wanka in ji kamar an buga ƙofa. Na riƙa tuna babanki, da akwatunan da aka fara haɗawa, ina cewa ai ni ban ƙara ko kalma ba.

Ranar Laraba da safe direban ya sake zuwa, ya durƙusa ya gai da Gwaggo, ya ce Alhaji, wato Baba, ya ba shi saƙo gare ni. Na jira faɗa. Na ma fi son faɗa.

"Ya ce a gaishe ki da aiki. Ya ce gida lafiya, Inna lafiya. Ya ce bana sanyin damina ya shigo da wuri, kuma ƙirjin Salifu tun yana saurayi ba ya son siminti. Shi ke nan."

Ko sunan rediyo bai kira ba. Amma ban taɓa jin magana ta shige ni kamar wannan ba. Na shiga ɗaki na yi kuka har Gwaggo ta ce in na gama in fito mu san abin yi.

A ofis ana tashi da tsakar rana, kowa ya tafi gida sai ƙarfe uku. Na ce ina da aikin da ban gama ba, na zauna. Na ɗauko faifan shirin daga kabad, na zazzage gwangwanin a kan tebur. Ba na Baba Salifu kaɗai ne a ciki ba. Gaisuwar mutanen gari goma ce, da tarinsu, duk launi ɗaya, wasu tsawon hannu, wasu tsawon yatsa. Sai na riƙa ɗaukar ɗaya ɗaya ina ja da hannu a kan bakin na'urar, in ji ɗan gurnani, in ce wannan mace ce, wannan na Pelebina ne, wannan shi ne. Wani in ja shi a juye, muryar ta fito kamar ta aljani, in juya. Gumi na ɗiga a kan tebur, reza ta yanke ni sau biyu, ina tsotse jinin don kada ya ɓata zaren. Duk takun da na ji a baranda sai in rufe komai da ɗankwali.

Da na ware nasa, ashirin da uku, sai wata matsalar: wanne ke gaba, wanne ke baya? Ban sa lamba ba, wa ke sa wa shara lamba? Na zauna ina kallonsu, ƙarfe biyu ta wuce. Can sai na ji kamar ina zauren Baba ina kawo ruwa. Ai gaisuwa tana da hanya, ba a tsallake. Mai gida tukuna, sai iyali, sai baƙo, sai mai gari, sai ruwa, sai hukuma. Ba a yabon gona kafin a gode wa wanda ya ba da ruwa. Ba a kawo shawara sai an ce ni ban san komai ba. Abin da na raina shekara da shekaru shi ya jera mini su, ɗaya bayan ɗaya, kamar Baba na tsaye yana nuna mini da yatsa. Saura minti kaɗan uku ta cika na manne na ƙarshe. Na kunna. Baba Salifu ya dawo da rigarsa, sai dai a kowane haɗi akwai ɗan ƙas, kamar an taka busasshen kara.

Na ɗauki ƙaramar na'urar da ake fita da ita ƙauye, ban tambayi kowa ba. Gwaggo ta sa ta a gindin kwando da faifan, ta jera turamen atamfa a kai, ta ce ita ma za ta, ai ta daɗe ba ta ga yayanta ba. Washegari da sassafe muka shiga mota. Shingen bincike huɗu ne tsakanin Paraku da Jugu. A na uku wani jandarma ya sa baki a taga, ya nuna kwandon da ke kan cinyarta.

"Mama, mene ne a ciki?"

"Zannuwan amarya ne, ɗana. Ga amaryar nan, ka ga yadda take rawar jiki tun ba a kai ta ba."

"Mu gani."

"Bismilla. Amma wanda ka taɓa ka saya, don ango ba zai karɓi zanen da jandarma ya riga shi taɓawa ba. Kana da mata? Wannan shuɗin zai karɓe ta."

Ya ɗaga turmi ɗaya, ya ɗaga na biyu. Na uku ne kawai tsakaninsa da na'urar, ina ganin kusurwarta. Mutanen mota suka fara dariya suna cewa ya saya mana, kamarad, kada a ji kunya. Ya saki ya ce mu wuce. Gwaggo ta ci gaba da taunar goronta, amma hannunta da ke kan nawa ya jiƙe sharkaf.

Ban biya gida ba, don na san in na ga Inna ba zan iya fita ba. Gwaggo ta zauna a gindin mangwaro a waje, ni na shiga ofishin da ake tsare da Baba Salifu. Wanda ke da maganar saurayi ne siriri mai tabarau, bai fi babanki shekaru ba, kuma yana jin Dendanci. Na ce daga rediyo nake, na kawo cikakkiyar maganar tsohon Partago. Muryata ba ta fita sosai, sai da ya sa na maimaita. Na ɗora na'urar a teburinsa na kunna. Minti goma sha ɗaya ina tsaye. Da farko ya jingina yana kaɗa biro. Da aka kai yabon gona ya ɗan gyaɗa kai. Sai na lura ya daina kaɗa biron, yana sa ɗan layi a takarda duk lokacin da ƙas ta fito. Da faifan ya ƙare, ƙarshen zaren ya riƙa bugun na'ura.

"Wa ya yanka?"

"Ni."

"Wa ya sa ki?"

"Ba kowa, kamarad."

"Don me?"

"Don a gane."

"An kuwa gane," ya ce. "Har babban birni an gane."

Ya sa aka shigo da Baba Salifu. Kwana biyar kawai, amma rigarsa ta yi masa yawa, ba hula, kuma yana tari irin mai fitowa daga can ƙasa. Ya gan ni, ya ga na'urar, ya ga yatsuna biyu a ɗaure da tsumma. Mai tabarau ya kunna masa farkon faifan, ya kashe.

"Tsoho, amsa ɗaya nake so. Wacce ce maganarka, doguwar ko gajeruwar?"

Na gane tarkon nan take. In ya ce gajeruwar, ya koma siminti. In ya ce doguwar, ni na ƙirƙiri ta rediyo, ni zan hau motar kudu. Na rufe ido ina jiran ya ce doguwar, don ita ce gaskiya kuma ita na kawo.

Sai na ji ya gyara murya ya ce, kamarad, ina kwana. Ya tambaye shi gajiya, da iyali, da yadda ya baro mutanen gida. Ya gode wa yaran da suka tsare shi, ya ce sun ba shi ruwa a kan lokaci. Ya gode wa Allah da ruwan jiya, da ya ji a kan kwano. Mai tabarau ya ce ya amsa tambaya, Baba Salifu ya ce ai yana zuwa, yanzu zai iso. Ya tsaya ya yi tari mai tsawo, ya ci gaba daga inda ya tsaya, bai tsallake ko mai gari ba. Ina jin ya kai minti bakwai. Da ya ga mutumin ya cire tabarau yana murza ido, sai ya ce:

"To ka gani da idonka, kamarad. Ni in na fara ban san inda ake tsayawa ba, matana ma sun gaji. Duka biyun muryata ce. Yarinyar nan batirin talakawa ta tausaya wa."

Wani da ke tsaye bakin ƙofa ya yi dariya, ya maida ita tari. Mai tabarau bai yi ba. Ya daɗe yana kallon layukan da ya ja a takarda. Sa'an nan ya ce tsoho ya tafi gida, kuma kada ya sake kusantar na'ura. Ni ya ce in zauna.

Sai bayan la'asar na fito. Shafi uku na rubuta na sukar kaina, ya yaga na farko ya ce bai ji nadama a ciki ba. Suka riƙe na'urar da faifan. Aikin rediyo ya ƙare daga ranar, Mushe Biyo ma an maida shi ɗakin ajiyar kaya, kuma bai taɓa aiko mini da baƙar magana ba. An ce in riƙa zuwa ina sa hannu farkon kowane wata, har yau ina zuwa, da ke a baya. Sunana na cikin wani fayil, ban san abin da aka rubuta a ƙarƙashinsa ba, kuma ba a ce mini an gama ba. Dangin babanki sun so a fasa auren, shi ya ƙi. Ƙirjin Baba Salifu bai koma daidai ba, ya bar zuwa kasuwar shanu in akwai hadari. Daminar da ta biyo, aka bar samarin Partago a gonakin gida kwanakin ruwan fari. Ba sanarwa, ba wanda ya ce don me, ba wanda ya tambaya. A gari kuwa abin da ya zauna shi ne 'yar Alhaji ta sa an kama aminin ubanta. Baba bai taɓa ɗaga maganar ba. Ranar da na dawo gida ya ce mini sannu da hanya, ya tura mini goro ɗaya a cikin ganyensa.

Na yi ta gudun haɗuwa da Baba Salifu sama da shekara. In na ji muryarsa a zaure sai in shige ɗaki. Ranar sunanki ba wurin gudu. Bayan an watse ya ce a kira masa mai jego, na fito na durƙusa a bakin ƙofa. Ya fara gaisuwa. Ya tambayi jikina, da ke, da ruwan nono, da babanki, da Gwaggo a Paraku, da cinikin atamfa. Na amsa kowacce, ban yi gaggawa ba, karo na farko a rayuwata na ji gaisuwa tun daga kai har wutsiya ina so kada ta ƙare, don na san abin da ke bayanta. Da ta ƙare ya sa aka miƙo masa ke, ya tofa miki addu'a, ya dube ni.

"Rakiya. Shekara uku ina faɗin maganar gonar nan, ba wanda ya ji. Kin sa an ji, kin kyauta. Ba ki tambaye ni ba, ba ki kyauta ba. Wuyana ne, ni ya kamata in ce a yanka ko a bari."

Na jira sauran. Babu saura. Ya miƙo mini ke, ya laluba sandarsa, ya yi tari.

"Minti nawa ke nan?" ya ce.

Na ce bai kai ɗaya ba, Baba.

"To kin gani. Da kin tambaya, da na ba ki da kaina."